Zan rabu da GTO ɗina ta 1967, ina neman shawararku

Baffan Mishigan:
Assalamu alaikum jama'a, manya da ƙanana. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai ban cika tsoma baki ba, yau dai ni ne da magana, ku yi haƙuri da tsawonta.

Waɗanda suka taɓa zuwa gidana sun san motar da ke gareji. Pontiac GTO ce ƙirar 1967, ja mai duhu, mai rufin ƙarfe. A 1999 na saye ta hannun wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kamfanin mota, a bayan garin Flint. Lokacin kam sunan mota kawai gare ta. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta, in ka zauna mazaunin direba kana hango ciyawa ta tsakanin ƙafafunka. Ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, inji ya kafe ko juyawa ba ya yi. Dala 4,000 na ba shi, ya kama mini muka ɗora ta a tirela. Sai a 2008 ta hau titi da ƙafarta.

Injinta na asali ne, V8 mai lita 6.6, ƙarfin doki 335, giya huɗu ta hannu da sandar Hurst. Ina da takardar PHS, masu ajiye tarihin motocin Pontiac, da ta tabbatar daga masana'anta a GTO ta fito, lambar jikinta ma da 242 ta fara kamar kowace GTO ta shekarar.

To yanzu na haura saba'in. An yi mini aiki a gwiwar hagu, kulocin motar nan kuwa sai ka taka shi da dukkan ƙarfinka. Sitiyarinta ba mai mai ba ne, juya ta a wurin fakin sai na haɗa gumi. Da dare fitilun mutane suna kashe mini ido. Bazarar da ta wuce da ƙyar na fita da ita. Uwargida kuma ta ce ta gaji da sanyi, mu sayar da gidan nan mu kama ƙarami, mu riƙa yin hunturu a Kano.

'Ya'yana uku. Mazan biyu ba ruwansu da ita. Autar, mace, ita ce ta tashi tana riƙe mini tocila da miƙo sifana, kuma ita kaɗai ta iya giyar hannu. Wani dillali ya taya dala 42,000. In sayar? In ba autar? Ko in bar ta a gareji Allah ya yi ikonsa?

Yaron Kolombos:
Wa alaikumus salam. Haba Baffa! Wallahi kar ka sayar. Ni na ji ƙarar motar nan ranar walimar sunan da aka yi a gidanka, har cikin ƙirjina na ji ta. Irin wannan ai ba a sake samu.

Makaniken Bronx:
Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Cikin ukun da ka lissafa, na ƙarshen ne kawai ban yarda da shi ba. Dokin da aka ɗaure a turke ba hawa ba sukuwa, ƙafa yake fara rasawa, mota ma haka take. Man fetur na yanzu yawanci akwai ethanol kashi 10 a ciki, yana jan ruwa daga iska, in ya kwana wata da watanni a tanki sai ya yi tsami. Kafiretar Quadrajet ɗin nan taka ƙananan hanyoyi gare ta, danƙo ya toshe su shi ke nan. Robobin birki su bushe, man birki ya sha ruwa silinda ta yi tsatsa daga ciki, tayoyi su kwanta gefe ɗaya. An sha kawo mini irin su, mai ita ya ce lafiyarta ƙalau aka rufe ta. Eh, lafiya aka rufe ta, amma ba lafiya aka buɗe ta ba. Ɓerayen da ka kora a 1999 jikokinsu suna nan suna jira.

Baffan Mishigan:
Maganarka dutse, Usta. Ko a watan jiya da na tashe ta sai da ta yi ta tari kafin ta daidaita.

Dan Damagaram:
Baffa, kafin komai, kar ka amsa wa dillalin nan. Wanda ya taya 42,000 ba don Allah ya taya ba, ya riga ya san inda zai kai ta ya ɗora ribarsa. Ni harkar motoci nake yi, ko da yake na zamani ne, amma na san hanyoyin.

Na farko ka nemi mai kimantawa wanda ba saye zai yi ba, ka biya shi ya rubuta maka daraja a takarda. Ka kuma duba jadawalin farashin Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, suna raba motoci mataki huɗu, daga na 1 wadda ta fi sabuwa kyau har na 4 wadda ake hawa da tabonta. Kusan kowane mai mota yana ɗauka tasa ta 2 ce, in mai kimantawa ya shiga ƙarƙashi da fitila sai ta koma ta 3. Ka shirya wa wannan.

Wajen sayarwa kuma akwai manyan gwanjo. Mecum suna yi a Kissimmee ta Fulorida duk watan Janairu, Barrett-Jackson suna yi a Scottsdale ta Arizona, shi ma Janairu. Can masu kuɗi suke haɗuwa, amma kai za ka biya kuɗin ɗauka, kuɗin shiga, ga la'ada, kuma 'yan mintoci kawai motarka za ta yi a gaban jama'a. In aka sa ka da safiyar ranar da ba kowa, ka shiga uku. Barrett-Jackson ma yawancin motocinsu ba a sa musu farashin ƙasa, duk inda guduma ta faɗi ka sayar ke nan. Akwai kuma Bring a Trailer a intanet, mota tana garejinka ake gwanjon na mako guda, mai saye ne ke biyan kashi 5 na la'ada. Sai dai masu sharhi a can ba su da kunya, za su tambaye ka har kan kusoshi.

Yaron Kolombos:
Duk da haka ni dai a bar ta. Kullum tsada take ƙarawa.

Dan Damagaram:
Wa ya gaya maka? Masu sayen irin wannan su ne waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964, waɗanda suna samari suka ga GTO a titi ba su da kuɗinta. Yanzu su ma gwiwar ce ke damunsu kamar Baffa, garejinsu suke kwashewa. Ku matasa da kuka fara samun kuɗi, Supra da Skyline na Japan kuke nema. Kai kanka in aka ba ka dala 50,000 yau, GTO za ka saya?

Yaron Kolombos:
Gaskiya Skyline zan saya 😂 Amma ai ba ni kaɗai ba ne a duniya.

Makaniken Bronx:
A nan ban bi ka gaba ɗaya ba, Dan Damagaram. An daɗe ana cewa kasuwar za ta faɗi. Waɗanda suke faɗuwa su ne na bogi, a ɗauki LeMans, wata Pontiac mai kama da ita, a manna mata tambarin GTO. Mai takarda da injin asali da giyar hannu ba ta rasa mai so. Abin da na yarda da shi kawai, kar Alhaji ya sa ran kuɗin da ya zuba za su dawo.

Baffan Mishigan:
Wannan kam na sani. Akwai akwatin takalmi cike da rasit, na daina haɗa lissafinsu tun kafin a yi fenti, don kar hawan jini ya kama ni.

Hajiya Houston:
Alhaji, bari in yi magana a matsayin wadda abin ya faɗa wa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tsohuwar Mustang a gareji. Shekara da shekaru ina ce masa ya san yadda zai yi da ita, yana cewa sai bazara. Bazarar ba ta same shi ba. Ina cikin takaba mutane suka fara ƙwanƙwasa ƙofa, wai abokansa ne na harkar mota. Ban san darajarta ba, ban san inda takardunta suke ba, makullin ma sai a aljihun wata tsohuwar rigar sanyi aka gano shi. Wani ya zo da fara'a da ta'aziyya, ya ce inji ya lalace, taimaka mini zai yi ya ɗauke ta. Na sayar masa. Daga baya ɗana ya ga hotonta a intanet an sa mata kuɗi ninki biyu da wani abu.

Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Yaran sun yi watanni ba sa ga maciji a kan wa ya ce a sayar, wa ya ce a bari. Ku maza kuna tara ƙarafa kuna ce musu "ita", ku tafi ku bar mu da kishiyar da ba mu san yadda ake ta da ita ba. Ka rabu da ita da ranka da hankalinka, ko ka sayar ko ka bayar, amma da hannunka.

Baffan Mishigan:
Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Hajiya, kin taɓa ni inda yake ciwo.

Na Kaduna:
Baffa, ni ina gida ina bin ku. Me zai hana ka sa ta a kwantena ka kawo ta Kano? Tunda can za ka riƙa yin hunturu. Ranar Sallah ka fito da ita, wallahi gari sai ya tsaya. Sitiyarinta ma ai hannunmu ne.

Dan Damagaram:
Kwastam na da iyakar shekarun da tsohuwar mota za ta kai a shigo da ita, wannan ta ninka iyakar sau nawa. Ka ce an samu hanya ma. Injin nan an ƙera shi ne lokacin fetur mai dalma, matsinsa ya haura 10, sai mai mai kyau yake sha, in ba haka ba ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya huje. Galan ɗaya kuma mil goma da 'yan kai take yi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa zai ciyar da ita?

Na Kaduna:
Ai mu makanikanmu ba abin da ya gagare su. 504 ɗin mahaifina ta PAN har yau tana zuwa Zariya ta dawo.

Makaniken Bronx:
504 a Kaduna aka haɗa ta, kayanta suna kowane lungu a Panteka. Wannan kuwa in famfon ruwanta ya mutu sai an yi oda daga nan. Kuma na san abin da zai biyo baya: wata rana a ce injin ya cika shan mai, a sauke shi a ɗora na Toyota. Ranar Alhaji sai an kai shi asibiti.

Abu Sumayya:
Ni dai ina mamaki. Mutum ya haura saba'in, maimakon tunanin kabari ana ta muhawara a kan ƙarfe. Dubban dalolin da aka narkar a motar nan rijiya nawa za su haƙa a ƙauye? Wannan almubazzaranci ne, a kira shi da sunansa. A sayar a yi sadaka a nemi gafara.

Hajiya Houston:
Kai yaro, da ubanka kake magana. Ko gaskiya gare ka ba haka ake faɗa ba. Kuma ka san abin da Alhaji yake bayarwa ne? Ko sai ya kawo maka rasit?

Yaron Kolombos:
Wayar da ka rubuta wannan da ita rijiya nawa za ta haƙa?

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a sassauta. Abu Sumayya, nasiha da ladabi ake yi. Yaron Kolombos, kai ma ya isa.

Baffan Mishigan:
Ku bar shi, ɗana ne, kuma tunanin kabarin ne ma ya sa na kawo maganar. Amma bari in gaya maka wani abu, Abu Sumayya, don ba ka nan lokacin.

Na zo ƙasar nan karatu a farkon shekarun 1980, na ƙare a kamfanin da ke yi wa manyan kamfanonin mota kayan haɗi. Lokacin irin waɗannan motoci ba wanda yake so. Zamaninsu gajere ne. Pontiac ta fito da GTO a 1964, su John DeLorean suka ɗauki babban inji suka cusa a matsakaiciyar mota, sauran kamfanoni suka bi. Kafin shekara goma abin ya mutu: inshora ta yi wa matasa tsada, dokar tsaftar iska ta 1970 ta sa aka rage wa injuna ƙarfi, sai kuma Larabawa suka rufe famfon mai a 1973. Ina ɗalibi ina ganinsu a bayan gidaje an ɗora a kan bulo. Abokan aikina Turawa da baƙaƙe kowa yana da labarin wadda ya sayar da arha yana nadama. A wurin cin abincin rana, in ba ka iya zancen inji ba, kai baƙo ne har abada. Da motar nan na samu shiga mutanen garin nan.

Sannan 2009 ta zo. GM, uwar kamfanin Pontiac, ta shiga kotun fatara a watan Yuni, aka ce an kashe sunan Pontiac gaba ɗaya, kamfaninmu ya sallame mu. Ina da shekara hamsin da 'yan kai, yara suna makaranta, ba mai ɗaukar irina aiki. Na ga mazan da zaman gida ya kai su ga kwalba, na ga waɗanda aurensu ya mutu. Ni in na yi Asuba na aika takardun neman aiki, sai in shiga gareji. Maƙwabta suka fara kawo mini nasu ina gyarawa, da wannan muka ci abinci har Allah ya kawo wani aikin. Ban ce duk kuɗin da na kashe daidai ne ba, Allah ya yafe mana. Amma ban taɓa hana iyalina ko 'yan uwana na gida don ita ba.

Abu Sumayya:
Allah ya huci zuciyarka Baffa. Harshena ya yi kaifi, a yafe mini.

Baffan Mishigan:
Ba komai ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Almajirin Malikiyya:
Tunda ƙura ta lafa, bari in taɓa ɓangaren ba wa autar, don a nan ne na ga mutanenmu na ƙasar nan suna yawan zamewa.

In ka rubuta cewa bayan ranka motar ta autar ce, wannan wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Kotun Amurka za ta zartar, amma shari'a ba ta ba ta ba. In kuma kyauta za ka yi da ranka, to a mazhabarmu sai ta karɓa ta riƙe kafin ciwon ajali. Ba a ce "na ba ki" mota kuma tana garejinka makulli yana aljihunka. A nan ƙasar, ka canza sunan takardar mallaka, ta ɗauke ta ta tafi da ita. In ba haka ba, ranar da ka faɗi ta koma cikin gado.

Sai batun adalci. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta ya je neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shaida. Ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a, sai ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun saɓa, wasu sun ce fifitawar haramun ce, mafi yawa sun ce makaruhi ce amma kyautar ta inganta. Mafita mai sauƙi, ka tara su ka nemi yardar mazan da bakinsu, ko ka ba su kwatankwacinta, ko ita ta saya a farashin da kowa ya amince. In ka sayar wa bare kuma, motar hawa ba ta da zakka, amma kuɗinta in sun shekara a hannunka akwai.

Baffan Mishigan:
Allah ya gafarta Malam, wallahi niyyata ke nan in rubuta a wasiyya. Ka tsamo ni.

Hajiya Houston:
To ni tambayata ɗaya. Duk wannan dogon zance, an tambayi yarinyar kuwa? Kuma an tambayi uwargida?

Baffan Mishigan:
Hajiya... ban tambaya ba tukuna.

Hajiya Houston:
Na sani ai. Ka tambayi Bronx, ka tambayi Kaduna, wadda ke ɗaki ɗaya da kai ba ka tambaya ba. Je ka dawo.

Makaniken Bronx:
😂😂 Alhaji, wannan gyaran ba na sifana ba ne, ba zan iya taya ka ba.

Baffan Mishigan:
Jama'a na dawo, kuma na sha mamaki biyu.

Na fara da uwargida. Ta saurare ni har na gama, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan littafi. Ashe kuɗin fentin da na karɓa a hannunta a 2007, dala 6,000, kwasar adashenta ce, kuma da bakina na ce rance ne. Ta rubuta rana da wata. Ta ce ba ta hana ni kyauta ba, amma ba a kyauta da kayan da bashi ke kansa, in fara biyanta tukuna.

Sai autar. Na ɗauka za ta yi tsalle. Ta yi shiru a waya, ta ce tana so har ranta, amma in duba inda take. A Shikago take, hawa na uku, motarta ma a bakin titi take kwana. Masu inshorar irin waɗannan motoci suna son a ce akwai garejin da ake kullewa. Hayar gareji a can kuɗi ne, ga bashin makaranta, ga ta da juna biyu, motar kuwa bel ɗin cinya kawai gare ta, ba inda za a ɗaura kujerar jariri hankali ya kwanta. Ta ce in ta karɓa, a hannunta za ta ruɓe, kuma ba za ta iya kallon idona ba. Abu biyu ta roƙa: akwatin sifanuna, da kuma kar a sayar sai bayan Woodward, ita za ta tuƙa ni.

Babban kuma, wanda na ce ba ruwansa, shi ne ya fi kowa jin haushi wai ba a fara tambayarsa ba. Da na ce to zai karɓa, ya ce a'a, shi dai a tambaye shi.

Almajirin Malikiyya:
Uwargida ta fi mu fiƙihu. Bashi yana gaba da wasiyya, yana gaba da gado.

Na Kaduna:
Mene ne Woodward kuma?

Yaron Kolombos:
Babban titi ne da ya tashi daga Detroit ya nufi garin Pontiac. Duk Asabar ta uku a watan Agusta, tun 1995, masu tsofaffin motoci suke fitowa dubbai suna kai da kawowa a hankali, jama'a sun jera kujeru a bakin titi tun safe. Baffa, ni zan zo, a ajiye mini kujerar baya.

Dan Damagaram:
Ranar ma kasuwa ce. Ka manna takarda a gilashi da lambar waya, masu saye na gaske suna wurin. Amma ka kiyaye: kar ka karɓi cekin banki a ƙofar gida, na jabu sun yi yawa, sai ya shiga asusunka bayan kwanaki a ce ƙarya ne mota ta riga ta tafi. Duk wanda ya ce zai turo fiye da kuɗin ka mayar masa da canji, ɓarawo ne. Ku haɗu a banki, kuɗi su tabbata, sannan ka sa hannu. Ka cire lambar motar, kar ka soke inshora sai mota ta bar gidan.

Makaniken Bronx:
Kuma ka rubuta wa mai saye halinta. Baƙin mai mai sinadarin zinc take so saboda irin kam ɗinta, na zamani zai cinye shi. Kowace tsohuwar mota da yadda ake lallashinta.

Baffan Mishigan:
Salam jama'a. An yi Woodward, an kuma yi ciniki.

Autar ta tuƙa, ni ina gefe, Yaron Kolombos yana baya yana ta ihu kamar shi ya gyara ta. Cunkoso ya sa allurar zafi ta fara hawa, muka ratse muka buɗe bonet muka sha lemo, a nan mutumin ya same mu. Ɗan Indiyana ne, mai gyaran lantarki, shekarunsa hamsin da wani abu, ya zo da ɗansa. Bai tambayi farashi ba sai da ya kwanta a ƙasa ya leƙa inda na yi waldar ƙasanta, ya duba haruffan WT a jikin inji masu nuna irin injin, ya karanta takardar PHS. Ya gano inda fenti ya fara kumbura a ƙasan gilashin baya, ban ɓoye masa ba. Mai kimantawa dama mataki na 3 mai kyau ya ba ta, kamar yadda Dan Damagaram ya faɗa. Mun daidaita a 51,000. Wani ya kira daga baya ya ce zai ƙara, amma shi ajiye ta zai yi cikin tarin motocinsa, kuma na riga na ba da baki.

Ranar ɗauka na cika masa but da kaya: akwatin rasit, littafin gyara da ya sha baƙin mai, hotunan yadda na same ta. Na nuna masa yadda ake ta da ita da sanyi, a taka totur sau biyu a saki, a murɗa, kar a sake taɓawa sai ta yi ɗumi. Hannuna yana rawa wajen sa hannu a banki, har ma'aikaciyar ta tambaye ni ko lafiya. Da ya tashe ta zai fita ban tsaya ba, na wuce masallaci tun ba a kira La'asar ba. Kwana biyu ban shiga garejin ba. Jiya ya kira wai tana mutuwa a danja, na ce ya ƙara mata silo kaɗan, muka yi kusan awa muna hira.

Uwargida ta karɓi 6,000 ɗinta, ta ce saura ladan haƙurin shekara goma sha takwas. Malam, wannan ba riba ba ce?

Almajirin Malikiyya:
In ba a sharɗanta tun farko ba, ƙari wajen biya kyautatawa ce, sunna ce ma. Biya kawai, Alhaji.

Hajiya Houston:
Allah ya yi wa Malam albarka. A gaya mata na ce kar ta rage ko sisi.

Abu Sumayya:
Allah ya sa albarka a cinikin Baffa. In an tashi maganar rijiyar, ina da wanda ke haƙawa.

Baffan Mishigan:
Turo mini lambarsa ta akwatin sirri, dama akwai ƙauyen kakannina a lissafi.

Makaniken Bronx:
Alhaji, ɗayar Quadrajet ɗin da na gani a kan kanta, da jak ɗin nan ja, sun bi motar ko suna nan?

Baffan Mishigan:
Jak ɗin autar ta haɗa da shi. Kafiretar tana nan, sai an sake mata kayan ciki. Kawo 200.

Makaniken Bronx:
Haba Alhaji, mutumin da ya karɓi 51,000? Na saya 120, kuɗin aikowa a kanka.

Baffan Mishigan:
Albarka. 170, kuma kai za ka biya aikowa.